Mazarin da Inna Ta Nema

Ruwan tafkin ya kai masa gwiwa lokacin da wayar ta soma ruri a aljihun rigarsa. Auta bai taɓa ta ba. Ko numfashin da ya riƙe bai saki ba, domin jan mazarin da ya ɓata safiya yana bi ya sauka ke nan a kan wani siririn kara, bai fi tsawon hannu daga gilashin kyamararsa ba. Ya ɗan matsa gaba, ba da ƙafa ba, da ƙirji kawai, yana neman idon ƙwaron ya fito tas. Sai iska ta kaɗa karan, mazarin ya tashi abinsa.

Ya ciro wayar da hannun hagu. Yayarsa ce.

"Kana ina?"

"Ina tafki, Yaya."

"Har yanzu?"

"Ya ƙi zama ne."

"To ita ma ba zaman jiranka take yi ba. Likita ya zagayo." Ya ji ƙarar gadon da ake turawa yana wucewa ta bayanta. "Ya ce duk mai abin da zai gaya mata, ya gaya mata yau, tun tana farkawa. Barcin nata sai ƙara tsawo yake yi."

"Ta sake faɗa?"

"Shi kaɗai take faɗa. Don Allah ka zo da wanda ka samu. Ƙwaro ai ƙwaro ne."

Ƙwaro ba ƙwaro ba ne, amma yau ba ranar gardama ba ce. Ya ce mata yana nan tafe, ya mayar da wayar aljihu, bai fita daga ruwan ba.

Mako guda ke nan da Inna, mahaifiyarsu, ta faɗi a ƙofar banɗaki, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Da yake bahaguwa ce, Allah ya bar mata hannun da take aiki da shi. Amma ya karɓe bakin, kuma duk wanda ya san Inna ya san ba ƙaramin abu aka karɓa ba. Mace ce da in ta yi maka tsiya sai ka kwana kana juya maganar, kana dariya kana jin zafi. Yanzu ga ta kwance, ko sunan 'ya'yanta ba ta iya kamawa. Sai jiya da yamma, suna zaune jugum a gefen gadon, ta buɗe ido ta motsa leɓe, ta yi ta fama, har kalma ɗaya ta fito.

"Mazari."

A gidansu kuwa wannan kalma tana da mai ita. Auta yana da shagon ɗaukar hoto a bayan kasuwa, hoton fasfo da na 'yan makaranta, da na masu neman aiki da ke aron kwat a wurinsa. Tun da waya ta shiga hannun kowa aiki ya ja baya, shi kuma ya sami kansa yana ɗaukar kyamara da sassafe ya tafi tafkin da ke bayan gari. Shekaru sun tafi a haka. Ya san shuɗi, ya san kore, ya san mai ɗigo a fiffike, ya san watan da kowannensu yake fitowa. Inna dai ba ta taɓa yarda wannan aiki ne ba.

"Mutum da furfura a gemu," in ji ta, "ya tattare wando ya shiga ruwa yana bin ƙwari. Da kifi kake bi ma, Auta, da mun ce Allah ya yi albarka, mun ci."

Ko sau ɗaya ba ta karɓi hoton ta duba ba. Ya sha kawo mata, sai ta ce idonta ba na kallon ƙwari ba ne, ya ajiye can. Ya daina kawowa, ya kuma gaya wa kansa abin bai dame shi ba. Ƙarya yake yi, ya dame shi ƙwarai.

Shi ya sa jiya, da kalmar ta fito, Yaya ta juyo ta dube shi ta ce, "Naka take nema." Wani daɗi ya cika masa ƙirji, daɗin da ya ji kunyarsa nan take. Uwarsa na bakin mutuwa shi yana murna. Amma murnar ta ƙi tafiya. Duk kalmomin duniya sun gudu sun bar Inna, wadda ta rage mata ita ce tasa.

Ya buɗe waya ya yi ta nuna mata ɗaya bayan ɗaya. Ta kalli shuɗin, ta kalli koren, ta lumshe ido ta kau da kai. Can ta sake cewa, "Mazari." Ya yi ta tunani har ya gano, ko ya ɗauka ya gano. Da farko dai fuskar waya ƙarama ce, idon Inna kuwa ya yi rauni. Sannan ya tuna wani ja da yake sauka a kan igiyar shanya a gidan da aka haife shi, in Inna tana shanya ta ce kada wanda ya kashe shi, bai ci na kowa ba. Wannan jan shi ne bai taɓa samun hotonsa na kirki ba. Wanda ya samu, ko fiffike ya fita daga hoto, ko ido ya yi dishi-dishi. To shi Inna take so, kuma babba, a takarda.

Da son samu ne da asuba zai zo, lokacin da raɓa take danne musu fiffike suna maƙale a ciyawa ba sa iya tashi. A wannan lokacin ko hancinka ka kai kusa da su ba za su motsa ba. Amma shi ya kwana da Inna, sai da Yaya ta zo ta karɓe shi. Kafin ya iso rana ta ɗaga, jikinsu ya yi ɗumi, sun zama 'yan iska, nan ka gan su nan ba ka gan su ba.

Ya tsaya cikin ruwan ya yi wa kansa faɗa. Tun safe yake aikata abin da ya sha hana masu koyo, wato bin mazari. Ba a bin sa. Mai fiffike huɗu ne, kai kana da ƙafa biyu a cikin laka. Amma yana da hali guda da yake ba da shi: in ya zaɓi wurin sauka, duk inda ya zagaya nan zai dawo. Aikin mai hoto shi ne ya ba shi wurin da zai so.

Ya fita gaɓa ya samo busasshen itace mai ƙarfi wanda iska ba za ta kaɗa ba. Ya dawo ya kafa shi cikin laka kusa da karan da ƙwaron yake sauka, ya sa ya ɗan ɗara karan tsawo, don mazari yana son sama. Ya zagaya har rana ta koma gefen kafaɗarsa, yadda inuwarsa ba za ta faɗa kan itacen ba. Ya duba bayan wurin, ruwa ne kore can nesa, ba tarkacen da zai cika hoto. Ya saita gilashin a kan tsinin itacen, ya manna gwiwar hannuwansa a haƙarƙari, ya zama kututture.

"Mai Hoto, yau ma ba a buɗe shago ba?"

Mai lambun da ke gaɓar tafkin ne, ya sauko ɗiban ruwa da bokitai biyu. Sun saba, kullum sai sun yi wa juna ba'a.

"Tsohuwata ce ba lafiya," in ji Auta, bai juya kai ba.

"Subhanallahi. Tana gida?"

"Tana asibiti."

Mai lambun ya ajiye bokitan. Ya dubi Auta, ya dubi itacen da aka kafa a ruwa, ya sake duban Auta.

"Tsohuwa na asibiti, kai kana nan?"

"Ita ta aiko ni."

"To," in ji mutumin, irin to ɗin da ake yi wa wanda ba a son a ce masa maƙaryaci. "Allah ya ba ta lafiya." Ya cika bokitansa a hankali don kada ya tayar da ruwa, ya hau gaɓa.

Maganar ta tsaya wa Auta a rai. Sauro ya sami bayan kunnensa, bai kore shi ba. Wani abu yana tafiya a ƙwaurinsa a ƙarƙashin ruwa, ya san matsattsaku ne, ya ƙyale shi. Jan mazarin yana ta kai da kawowa a saman tafkin, ya kori wani shuɗi da ya shigo masa yanki, ya zo dab da itacen ya tsaya cak a iska, ya fasa. Duk numfashin da Auta ya ja a nan, daga lokacin Inna yake yankarsa. Ya sani sarai. In ta farka yanzu ta duba gefen gado, Yaya kaɗai za ta gani. In kuma wannan ce farkawar ƙarshe fa? Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba tun ranar da ta faɗi. Ya ce a ransa shi ke nan, zai ƙirga zagaye ɗaya, in bai sauka ba ya tafi hannu wofi ya zauna kusa da uwarsa kamar kowane ɗa.

Ƙwaron ya yi zagayen bai sauka ba. Auta bai tafi ba.

Sai da ya daina yi wa kansa alkawari sannan abin ya zo. Ya sauka a tsinin itacen kamar dama don shi aka kafa, ya ba da gefe, jikinsa ya miƙe daidai da fuskar gilashin. A wannan kusancin, abin da yake fitowa tas bai fi kaurin farce ba, in ka matsa kaɗan ido ya ɓace, in ka ja baya fiffike ya narke. Auta ya ga idon ya fito a gilashin, ja mai duhu daga sama, toka-toka daga ƙasa, da dubban 'yan ramuka a jere. Ya ga jijiyoyin fiffiken, ya ga 'yan gashin ƙafafun da suka kama itacen. Ƙwaron ya kama wani ɗan ƙuda, yana taunawa, kansa na juyawa. Auta ya jira ya gama juya kan. Ya saki rabin numfashi, ya riƙe saura, ya danna.

Ya danna na biyu, na ukun itace kawai ya samu.

Ya duba bayan kyamarar, ya kare hasken rana da tafin hannu. Daga ido har ƙarshen jela komai ya fito, fiffike huɗu cif, bayan kuma kore lumui ba tabo. Tun da ya fara riƙe kyamara bai taɓa ɗaukar kamarsa ba. Ya fito daga ruwa ya ciccire matsattsaku daga ƙafarsa, jini na bin dunduniya, ya hau babur ko takalmi bai ɗaure ba.

Mai wankin hoto abokinsa ne tun suna samari. Ya ga wandon, ya buɗe baki zai yi tsiya, ya ga fuskar, ya rufe. Ya ture aikin wasu ya sa na Auta a gaba. Injin ya yi ta tura takardar a hankali, jela ta fara fitowa, sannan fiffike, sannan ido. Takarda ce mai sheƙi, mai kauri, faɗinta ya kai na faranti babba.

"Mutumina," in ji abokin, ya riƙe ta ta gefe-gefe, "wannan ai sai a sa masa gilashi da katako. Bari in yanka maka yanzu."

"Ba lokaci."

"Na Inna ne?"

"Ita ta ce a kawo."

"Inna? Da bakinta?" Ya san ta, ya sha shan nasa rabon tsiyar a wurinta. Ya girgiza kai, ya sa hoton tsakanin kwali biyu ya miƙa masa. "Ka ce ina gaishe ta."

Ɗakin mata na asibitin dogo ne, gadaje a jere hagu da dama, warin magani ya cika ko'ina. Wata nas ta bi sawun lakar da ya bari a kan siminti da kallo, ta dubi abin da ya rungume. Gadon Inna ne na ƙarshe, jikin bango, an ja labule rabi. Yaya na zaune a kujerar roba, idonta ya kumbura.

"Sau biyu ta farka," ta ce masa ƙasa-ƙasa. "Tana ta duban ƙofa."

Ya zauna a bakin gadon. Inna ta ƙara ƙanƙancewa tun safe, ko kuwa idonsa ne. Robar ƙarin ruwa na maƙale a hannun da ya mutu. Numfashinta na fita da ɗan sauti, ya tsaya, ya dawo. Suka zauna suna saurarensa, hasken taga yana ja da baya a kan bargo.

Can ta buɗe ido. Ya daɗe yana yawo kafin ya tsaya a kansa.

"Inna, ni ne. Na kawo miki." Ya zare hoton daga kwalin, ya riƙe shi a gabanta, ya karkata shi don kada hasken taga ya haske shi. "Ga shi. Jan nan ne na kan igiyar shanya. Kin tuna shi?"

Ta kalla. Ta daɗe tana kallo, shi kuma yana kallon fuskarta, zuciyarsa na bugawa kamar ta yaron da ya kawo sakamakon jarrabawa. Sai hannunta na hagu ya taso daga kan bargo, ya dafa gefen takardar, ya ture ta. Ba ƙarfi a turin, amma turi ne. Hawaye ya gangaro ta gefen idonta ya shiga kunne.

"Mazari," ta ce. Wannan karon da fushi.

"Shi ne wannan, Inna. Ki duba da kyau."

Ta rufe ido. Auta ya sauke hoton ya jingina shi da 'yar durowar gefen gado. Ya ji kamar an zare masa laka. Ya kashe mata yini guda cikin 'yan kwanakin da suka rage, ya kawo abin da ya fi kowanne kyau a rayuwarsa, ta ture.

"Tsaya," in ji Yaya. "Dubi hannunta."

Hannun bai koma kan bargo ba. Ya miƙa gefe, ɗan yatsa ya shafi farin bangon, ya dawo ya goga a babban yatsa. Sannan yatsun biyu suka sauka kusa da cinyarta suka murza wani abu da babu shi, suka sake, suka ɗaga sama kaɗan kamar masu bin wani siririn abu. Suka sake komawa bango.

Yaya ta dafe ƙirji. "Innalillahi. Alli take nema a bango." Ta durƙusa a gefen gadon. "Inna, kaɗi? Mazarinki na kaɗi?"

Idon Inna ya buɗe. Ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya, irin ta wanda ya yi ta ƙwanƙwasa ƙofa har ya fid da rai sannan aka buɗe.

Abin kunya ne, amma haka ya faru. Kafin zaren inji ya cika kasuwa, da kaɗi Inna ta riƙe su bayan rasuwar mahaifinsu. Ta zauna da auduga a hannu ɗaya, ɗayan yana murza ɗan tsinken nan mai dunƙulen yumɓu a gindi, tana shafa alli a yatsa don kada ya zame, zare na fita tana naɗewa. Sunan tsinken nan mazari, sunan ƙwaron ma mazari. Auta yana goye a lokacin, kafin ya yi wayo ta daina. Yaya kuwa da ta zauna a gefenta tana tsince mata auduga, ba ta da uzuri, sai dai shekarun da suka yi suna yi wa Auta dariya da kalmar har ta manta tana da wata ma'ana.

"Ni ce na ce maka naka ne," in ji Yaya, tana share ido da gefen mayafi. "Ni na aika ka."

"Yana ina?"

"In yana nan, yana cikin akwatinta. Ƙarƙashin gado."

Gidan Yaya, inda Inna take zaune tun da ƙafa ta fara ba ta wahala, ba nisa da asibitin. Auta ya shiga ɗakin, ƙamshinta ya tare shi, man zafi da sabulu. Takalmanta na nan a bakin ƙofa a jere, yadda ta cire su. Ya jawo akwatin ƙarfen, ya ɗaga zannuwa, ya ɗaga wasu, a can ƙasa ya taɓa wani abu dogo a naɗe cikin tsumma. Tsinke ne siriri, ya yi baƙi ya yi santsi don shan hannu, dunƙulen yumɓun ya ɗan gutsure a gefe. Akwai sauran zare a jikinsa, ya koma ruwan ƙasa, bakinsa a sake, kamar an kira ta ne ta ajiye da niyyar dawowa. Guntun alli na cikin tsumman. Ya tsuguna a wurin da abin a tafin hannunsa, baƙin ciki ya taso masa. Ba shi ta kira ba. Ko a bakin mutuwa ba ta nemi aikinsa ba, nata ta nema. Ya san ba shi da ikon jin haushi, ya ji duk da haka. Ya tura akwatin ya fita.

Ya sami Inna a farke. Yaya ta ce tun da ya fita ba ta rufe ido ba. Sun ɗaga kan gadon, an jera mata matasai a baya. Da ya sa mata tsinken a hannu, yatsunta suka kama shi ba tare da ta duba ba, suka gangara suka sami wurin da ya lotsa daidai su.

"Babu auduga a akwatin," ya ce.

Nas ɗin da ta ga lakarsa ɗazu tana gyara robar ruwa a gado na gaba, ta ji komai. Ta fita, ta dawo da dunƙulen audugar wanke ciwo, ta ajiye a kan bargo. "Ban sani ba ko za ta yi," ta ce, "ita ke gare mu."

Kaɗi aikin hannu biyu ne, Inna kuwa ɗaya ya rage mata. Yaya ta zauna a bayanta ta tallafe ta, don in an sake ta zamewa take yi. Saura Auta. Yaya ta nuna masa yadda zai ja audugar ta yi laushi, ya riƙe ta sama daidai kafaɗar Inna, ya riƙa saki kaɗan-kaɗan. Yaya ce ta haɗa bakin tsohon zaren da sabuwar audugar. Inna ta shafa alli, ta kafa gindin tsinken a kan bargo, ta murza. Tsinin ya nutse cikin bargon, ya yi rabin juyi ya kwanta. Ta tayar da shi, ya sake kwanciya. An fita da allon da ake ɗora mata abinci, kan durowa kuma ya yi mata nisa.

Sai idon Inna ya sauka a kan hoton da ke jingine. Ta tsaya a kansa. Auta ya ji wani abu ya motsa a ƙirjinsa, wauta ba ta mutuwa da wuri. Ta ɗaga ido ta dube shi, ta buga cinyarta da tsinken sau biyu.

"Auta," in ji Yaya a hankali, "bari in nemo faranti."

"Bar shi."

Ya ɗauko hoton, ya sa kwalin a ƙarƙashinsa, ya shimfiɗa shi a kan cinyar Inna. Ta kafa tsinin a tsakiyar takardar, kusa da idon ƙwaron, ta murza. Takardar na da santsi. Mazarin ya miƙe tsaye ya kama juyi, yana wani siririn sauti, har yumɓun ya daina ganuwa. Auta ya ji audugar tana zamewa daga tsakanin yatsunsa, ya ga ta murɗe ta zama zare, fari, siriri, ya miƙe daga hannunsa zuwa nata. Matar da ke gado na gaba ta ɗaga kai tana kallo. Fuskar Inna ta saki. Tun da ta faɗi bai ga ta yi kama da kanta ba sai yanzu. Tsinin yana cin takardar, wani farin ɗigo ya fito a gefen jan idon yana faɗaɗa, Auta na gani, ya ƙyale.

Zaren ya tsinke. Yaya ta haɗa. Bai kai tsawon taƙi ba ya sake tsinkewa.

"Audugar ce," in ji Yaya. "Ta asibiti ba ta da tsawon gashi."

Inna ba audugar take kallo ba. Ta motsa leɓe, ta yi fama kamar jiya, suka sunkuya dukansu.

"Mazari."

"Ga shi a hannunki, Inna," in ji Auta. Muryarsa ta karye. "Wanne kuma? Don Allah wanne kuma?"

Yaya ta leƙo ta kafaɗar Inna ta dubi fuskarta. Ɓangaren bakin da yake da rai ya ɗaga sama, idon ya ƙanƙance. Yaya ta bi inda idon yake kallo. Wata dariya ta kuɓuce mata haɗe da kuka, ta kifa goshi a kan matashi.

"Ba wancan ba ne, ba wannan ba ne," ta ce da ƙyar. "Kai take yi wa tsiya. Dubi hannunka."

Ya duba. Hannunsa na sama riƙe da audugar, yana rawa kamar mazari, tun daga yatsu har gwiwa. Ya yi ƙoƙarin tsayar da shi, ya ƙi. Hawaye ya zubo masa cikin gemu, ba hannun da zai share.

Inna ta ajiye tsinken a kan hoton. Ta miƙa hannu ta ɗan bugi bayan nasa, yadda ake yi wa yaro mai ɓarna, sannan ta kama wuyan hannun ta sauke shi ƙasa kaɗan, inda take so. Ta riƙe shi a nan har rawar ta ragu. Sannan ta sake shi, ta lalubo alli.